Bizar aikin kula da tsofaffi a Birtaniya ta fara ƙarewa 'yan'uwanmu: wace hanya ta rage musu?

Makon jiya wani abokin mahaifina ya same mu a Kara bayan la'asar, hankalinsa a tashe. Ɗansa da ya tafi Birtaniya a 2023 aikin kula da tsofaffi ya bugo waya, wai bizarsa saura wata biyu, kamfanin da ya kai shi kuma ya ce ba zai sabunta masa ba. Wani ejan ya yi masa alkawarin sabuwar takarda idan aka kawo kuɗi. Dattijon ya zo ne a yi masa kuɗin bijimai shida. Shanu ya sayar aka yi tafiyar farko, yanzu kuma ga wata.

Ba shi kaɗai ba ne. A Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe ƙofar wannan aiki ga baƙi, 'yan Najeriya kuma suna cikin waɗanda suka fi shiga. Da yawa bizar shekara uku aka ba su, to lissafi ya nuna yanzu ne lokacin ke cika. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu duba abin da dokar ƙasar ta tanada, kafin wani ya sake kaɗa dabbobinsa kasuwa.

Wanda ya san harkar kara zai gane tsarin da sauri. Baƙon da ya sauko da shanu daga Arewa ba ya ciniki sai da maigida da zai tsaya masa. To haka wannan biza take. Kamfani mai lasisin gwamnati ne ke tsaya wa ma'aikaci, ya ba shi takardar ɗaukar nauyi da ake kira CoS, da ita yake neman biza. Bambancin kawai, a kara idan kun ɓata da maigida sai ka koma rumfar wani. A can izinin zamanka a ƙasar gaba ɗaya yana ɗaure da sunan kamfanin. Idan ya sallame ka, ko gwamnati ta ƙwace lasisinsa, ma'aikatar harkokin cikin gida za ta aiko wasiƙa ta rage maka biza zuwa kwana 60, ko abin da ya rage mata idan bai kai haka ba. Kuma ƙwace lasisin ba tatsuniya ba ce: gwamnatin da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisi sama da 470 a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000.

Abin da na fi so iyaye su riƙe shi ne ranar ƙarewar bizar. Duk wanda ya shigar da takardar neman sabuntawa ko sauya biza kafin wannan rana, dokar shige da fice ta 1971, sashe na 3C, ta ci gaba da rufa masa asiri. Zai zauna a halal, ya ci gaba da aiki bisa sharuɗɗan tsohuwar bizarsa har a yanke hukunci, ko da an ɗauki watanni. Wanda ya bari ta wuce ko da kwana ɗaya ne, ya zama mai zama ba izini. Ba aiki, kuma a Ingila ba haya, don masu gida ma ana cin tararsu. Akwai ɗan sassauci na kwana 14, amma sai da hujjar abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar kwanciya a asibiti. Mantuwa ba hujja ba ce. Tunda yanzu an daina katin zama an koma biza ta intanet, yaro ya shiga asusunsa ya karanta ranar da idonsa, kada ya dogara da abin da manaja ya faɗa masa. Ya riƙa duba imel kuma, don ta nan wasiƙar kwana 60 ke iya zuwa.

Hanya ta farko kuma mafi sauƙi ita ce kamfanin da yake ciki ya ba shi sabuwar CoS. Idan ya ƙi, sai neman wani mai lasisi. Nan ne mutane ke ruɗewa, don sun ji an ce an rufe bizar. Gaskiya ne daga 22 ga Yulin 2025 an daina ɗauko sababbin masu wannan aiki daga ƙasashen waje, amma wanda yake ciki yana iya sabuntawa ko sauya kamfani. Ni a ganina rufewar ma ta ɗan ɗaga darajar na ciki, tunda gidajen tsofaffi na buƙatar hannu kuma ba dama su ɗauko daga Legas ko Harare. Albashin dai dole ya kai fam 25,000 a shekara. Sunayen kamfanoni masu lasisi suna shafin gwamnati, kowa na iya dubawa kyauta, kuma a Ingila akwai cibiyoyin yankuna da gwamnati ke ba kuɗi don haɗa waɗanda aka soke lasisin kamfaninsu da sabon aiki. Sharaɗi biyu a kiyaye: ba a fara sabon aikin sai an amince da takardar, kuma kada a zo gida ganin dangi alhali takarda na hannunsu, don fita ƙasar na kashe ta.

To sai maganar ejan. Jama'a, CoS ba hajar sayarwa ba ce. Kamfani ne ke biyan gwamnati kuɗinta, fam 525, kuma tun ƙarshen 2024 an hana shi ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi. Duk wanda ya ce a kawo miliyoyi a sayi takarda, ɗaya cikin biyu ne. Ko takardar bogi ce, ko kuwa ta gaske ce amma babu aiki a bayanta, irin kamfanonin da ake ƙwace wa lasisi ke nan. A Maris na 2025 sashen binciken BBC na Afirka ya ɗauki irin waɗannan ejan-ejan a ɓoye suna wannan ciniki. Mafi muni, idan aka kama takardar ƙarya a cikin fayil ɗin yaro, shi za a ɗora wa laifin yaudara, hukuncinsa kuwa na iya kaiwa hana shiga ƙasar shekara 10. Ejan ya ci kuɗi ya kashe waya. Mu da muka san dillanci, la'ada bayan ciniki ya faɗa ake karɓa, a gaban shaidu.

Sauran hanyoyin suna nan amma ƙunci gare su. Fita daga aikin kula zuwa wani aiki na daban yanzu ya yi wuya, don an ɗaga ma'aunin zuwa ayyukan masu digiri da albashin fam 41,700, duk da cewa waɗanda suka shiga kafin Afrilun 2024 suna da rangwame. Idan mata ko miji na da tasa bizar aikin mai ba da damar iyali, mutum na iya komawa ƙarƙashinsa, kuma wannan ta fi yawancin dabaru kwanciyar hankali. Wanda ya auri ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin zai iya neman bizar iyali, sai dai a nuna kuɗin shiga fam 29,000 a shekara, kuma auren gaske, don suna bincike. Mai yaron da ya shekara bakwai a ƙasar yana da hujjar da lauya zai iya ɗorawa a kai. Komawa makaranta kuwa, ni ban ga riba ba ga mai ciyar da gida. Za a biya kuɗin makaranta na baƙi, a ƙara da harajin lafiya wanda da an yafe masa, aiki ya koma awa 20 a mako, kuma shekarun ɗalibta ba sa shiga lissafin shekara biyar na zaman dindindin. Masu ba da shawarar a ƙirƙiri labarin neman mafaka kuma, a guje su.

Wannan shekara biyar ita ce abin da kowa ke haƙuri dominsa. A dokar da aka tafi a kanta, wanda ya cika biyar yana aiki zai nemi zaman dindindin ya rabu da igiyar kamfani. Na farkon shiga ma sai a 2027 za su cika. Sai ga shi a Nuwamban 2025 ministar harkokin cikin gida Shabana Mahmood ta gabatar da shirin mayar da wa'adin shekara 10, ga masu ayyuka irin na kula da tsofaffi kuma 15, har da waɗanda suke ciki ba su riga sun samu ba. Ku auna abin da wannan ke nufi: shekara 15 mutum na kallon fuskar manaja, ba ya iya ƙorafin awannin da aka zaftare masa. Duk mai lissafin sayar da kadara don yaro ya ci gaba da zama, ya sa wannan a ma'auni.

Akwai kuma hanyar da ba a son faɗa a gaban mutane, wato dawowa gida. Mun mayar da ita abin kunya, shi ya sa yara ke maƙalewa har su lalace. Amma wanda ya fito kafin bizarsa ta ƙare, fayil ɗinsa fes yake, gobe zai nemi Birtaniya ko wata ƙasa ba tare da tabo ba. Ko ta ƙare, idan ya fita da kuɗinsa cikin kwana 30 ba a sa masa takunkumi. Ya wuce haka, shekara ɗaya. Idan gwamnati ce ta biya masa jirgi, biyu ko biyar. Idan kuwa tasa ƙeyarsa aka yi, 10.

Abin da muka ce wa dattijon nan shi ne ya bar bijimansa tukuna. Yaron ya turo hoton ranar ƙarewar bizar, ya rubuta wa kamfanoni masu lasisi kai tsaye, ya kuma ga lauya ko mai ba da shawara da ke da rajista da hukumar IAA, don a can ba da shawarar shige da fice ba rajista laifi ne. Ganin lauya sau ɗaya bai kai kuɗin sa guda ba. Mun kuma ce ya yanka wa kansa rana, mako biyu kafin ƙarewar, idan babu CoS ta gaske a hannu zuwa lokacin, ya sayi tikitin Legas. Dattijon bai ji daɗin wannan ta ƙarshen ba, ya ce zai yi shawara da uwar yaron.