Ra'ayinmu: Gardamar Addini da Gado a Damagaram

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, sai tsohuwar gardamar nan ta sake tashi a majalisun unguwannin Birni da Zango na Zindar: cikin abin da aka gada, wanne za a riƙe, wanne za a yar? Hawan ƙahon mahauta, wasan kara, da kiɗan bori da har yau ake jiyowa a wasu lunguna, duk an zuba su a kwando ɗaya.

Masu cewa a share su ba su rasa hujja ba. Gidan sarautar nan da malami ya fara, Malam Yunus, wajen 1731, kuma sarakunansa sun daɗe suna kai gaisuwa Borno, matattarar karatun allo. A ganinsu, garin da yake da wannan asali bai dace a riƙa yanka wa iskoki akuya a cikinsa ba. A kan wannan, ɗan Tijjaniyya da ɗan Izala bakinsu ɗaya: shirka ce. Mu ma ba mu ja ba.

Sai dai tarihin bai tsaya nan ba. Jihadin 1804 bai ci Damagaram ba, tutar Sakkwato ba ta taɓa kafuwa a Zindar ba. Musulunci ya ratsa karkara ne sannu a hankali, ta bakin malamai da fatake da auratayya, ana zaune da Azna ana cin kasuwa ɗaya. Ba mu ce zamanin lumana ba ne. Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin da ganuwa ya ƙera igwa, mayaƙi ne har rasuwarsa a 1884, kuma cinikin bayi ya yi ƙamari. Amma a wannan ƙasa, abin da ya raba mutane da tsafi shi ne karatu, kuma ya ɗauki tsawon ƙarnuka.

Mun kuma ga abin da hannu yake yi idan ya riga ilimi. Kiristoci na zaune a garin nan tun zamanin mulkin Faransa. Mishan ta SIM ta fara aiki a Zindar a 1924. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar ƙin zanen ɓatancin mujallar Charlie Hebdo ta rikiɗe, aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, washegari wutar ta kai Yamai. Cikin kwana biyu mutum goma suka rasa rayukansu. Fushin taɓa martabar Annabi (SAW) yana kan hanya, amma maƙwabcin da aka ƙone wa ɗakin ibada ba shi ya yi zanen ba.

Ra'ayinmu shi ne a raba wasa da bauta. Hawan ƙaho da wasan kara nishaɗi ne da jarunta, a bar su, a tsabtace abin da ya kauce. Bori kuwa aikin mai wa'azi ne, ba na mai sanda ba. Muna kuma kira ga fadar Mai Martaba da Jami'ar André Salifou su aika ɗalibai su naɗi abin da dattawan Birni, Mirriya da Magariya suka sani na yadda addini ya shigo ƙasar nan, tun suna da rai.