Ra'ayinmu: Wa Zai Karanta Littafinka?

Tun daga gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, Zariya ce alƙiblar marubucin Hausa. Kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, ya tace littattafai ya shigar da su makarantu. Amma fa ɗalibin da jarrabawa ta tilasta wa karatu ba lalle ne ya zama masoyin marubuci ba.

Da tattalin arziki ya taɓarɓare cikin shekarun 1980, sai matasan Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, matan aure da 'yan mata suka yi ta saye don ra'ayin kansu. Aibin yawancin littattafan shi ne rashin tacewa.

Saboda haka muna kira ga marubutanmu su haɗa kai, su riƙa gyara wa juna rubutu, sa'an nan su kai shi kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.