Wai duk kwaikwayon Tinariwen ne? Ku sake saurare

Akwai maganar da ta zama yayi a bakin wasu iyaye, har da mu malamai, duk lokacin da gitar Abzinawa ta tashi a rediyo ko a salular yaro: "Ai duk ɗaya ne, kwaikwayon Tinariwen ne." Wasu ma su ƙara da cewa kiɗan Turawa ne aka naɗa wa rawani. Wannan ragwancin kunne ne, kuma bai dace ya fito daga bakin mai koyarwa ba.

Ba na ja da girman Tinariwen. Ibrahim Ag Alhabib, wanda aka kashe mahaifinsa a tawayen 1963 a Mali, shi da abokansa suka faro abin a Tamanrasset ta Aljeriya a ƙarshen shekarun 1970, suka ci gaba a sansanonin Libiya zamanin Kaddafi. Sun ɗauko amshi da tafi irin na tende, kiɗan turmi na mata, suka ɗora kan gitar lantarki, suna tafiya sannu kamar takun raƙumi. Kaset ɗinsu hannu da hannu ya ratsa hamada, babu kanti babu talla. A 2012 suka ci kyautar Grammy da faifan Tassili. Duk wanda ya ji Tamikrest na Kidal ko Imarhan na Tamanrasset ya san gidan da suka sha nono.

To amma ku zo gida Nijar. Marigayi Abdallah Oumbadougou na cikin waɗanda suka dasa salon a ƙasar nan, kuma da ya faɗa hannun samarin Agadas masu kiɗan biki, sai ya canza taku. Biki ba ya son jan ƙafa. Ku ji Etran de l'Aïr, ku ji Bombino: gudu ne, ganga na kora gita, mutane na rawa ƙura na tashi. Bombino ya ƙara da abin da ya tsinta a bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler lokacin gudun hijira, har faifansa Deran ya shiga takarar Grammy ta 2019. Ina wannan ina zaman nutsuwar Tinariwen?

Na Mdou Moctar ya fi ba ni haushi idan aka ce kwaikwayo, don ɗan jihar Tawa ne, kuma da hannunmu Hausawa a cikin miyarsa. Gidansu ba su so gita ba, sai ya harhaɗa tasa da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa. Daga salula zuwa salula ta Bluetooth waƙoƙin suka bazu har Mali. Wato kiɗan ya gangaro daga arewa, ya sha ruwan ƙasar Hausa, ya koma da wata kama. Wanda ya saurari Afrique Victime na 2021 ya ce Tinariwen ne, to gara ya ce fura da kunu ɗaya ne tunda duk gero ne.

Ga kuma Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad, da ta koyi gita a ɓoye da ta yayanta. Maza sun ari tende daga hannun mata, ita ta karɓo gitar ta mayar da ita gindin turmi.

Abin da ya sa na damu, mu ne muke sa yaro ya kwafi abin da ke kan allo shekara da shekaru kafin ya tsara jimla tasa, ba mu taɓa kiran haka sata ba. Amma idan yaron ya ɗauki gita ya fara da bin sawun manya, sai mu ce ɗan kwaikwayo ne, ko ɗan iska, wani uban ma ya fasa gitar. Kuma ɗalibanmu na Maraɗi da Damagaram sun san mawaƙan Amurka da na Legas, amma da yawansu ba su san an cika zaure a Turai don jin ɗan ƙasarsu ba. Laifin wa?

Malam, minti goma ya isa. Sa musu Tinariwen, sa Bombino, sa Mdou Moctar na Sakkwato, kada ka faɗi suna, ka tambaye su ko mutum ɗaya ne. Yaran za su riga ka jin bambancin.