Kai Iyali Ziyarar Tsibiran Yawuri: Ina Ya Kamata A Yi Tsimi?

Duk lokacin da aka ambaci tsibiri a zauren hira a wannan zamani, hankalin mafi yawan masu saurare yakan tafi Zanzibar ne, ko wasu tsibiran tekun Indiya waɗanda ake ganin hotunansu a waya, ga farin rairayi ga itatuwan kwakwa. Daga nan sai magidanci mai ƙaramin ƙarfi, malamin firamare ne ko akawu ko ɗan tireda, ya yanke wa kansa hukunci cewa kai iyali irin wannan wuri aikin masu hannu da shuni ne, shi kuwa iyakarsa ya kai yara gidan kakanni ran salla. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa akwai gaggawa a cikin wannan hukunci, domin a ƙasar Yawuri, cikin Jihar Kebbi, akwai tsibiran da talaka zai iya kai 'ya'yansa da kuɗin mota da guzuri. Sa'an nan kuma ta nuna cewa a cikin wannan tafiya akwai inda tsimi yake da kyau, akwai kuma inda yake zama ganganci da ran yara.

Wani zai ce ai yawon shaƙatawa ba al'adar Bahaushe ba ce, kwaikwayon Turawa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin Bahaushen dauri ba ya ɗaura kaya sai da dalili: fatauci, ko ci-rani, ko neman karatu, ko ziyarar dangi, ko aikin hajji. Amma fa shi ne kuma ya ce tafiya mabuɗin ilmi, ya ce gani ya kori ji. Yaron da aka haifa a Sakkwato ko Gusau, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwarsu ba, ana koya masa a aji cewa kogin Kwara ya ratsa Nijeriya, ya haddace, ya ci jarrabawa, alhali kuwa bai san abin da ake nufi ba. Kai shi ya gani da idonsa neman ilmi ne, kuma yana cikin dalilan da kakanni suka yarda da su.

Abin da za a gani kuwa ba kaɗan ba ne. A bakin mutanen Yawuri tsibirin da ke tsakiyar kogi gungu ake ce masa, daga nan ne Hausawa suka sami sunan Gungawa, watau mutanen da ke kiran kansu Bareshe, masu harshen Reshe. Akwai Gungun Sarki daura da Yelwa, akwai kuma Hoge a ƙasar Ngaski, wanda taswirar Turawa take rubutawa Foge. Hoge babban tsibiri ne a da, mai garuruwa da gonaki, kafin madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka soma ginawa a 1964 aka gama a 1968, ta tare kogin ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, mai faɗin da ya kai kilomita 24 a inda ya fi buɗewa. Ruwan ya shanye mafi yawan tsibirin, ya shanye tsohon garin Busa inda Mungo Park ya halaka a 1806, aka kuma tayar da mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni a tudu. Abin da ya rage na Hoge ya zama matattarar tsuntsayen ruwa, har a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyin da duniya ta ɗauki alkawarin kiyayewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Ga ɗalibin Hausa kuwa wurin ya fi gaban kallo. Yawuri tana cikin ƙasashen da ake lasaftawa a Banza Bakwai, kuma a nan ne Hausa take gogayya da Reshe da Kambarci da Dukanci da harshen Shangawa, har masana suka ari sunan tafkin suka raɗa wa wani rukunin harsuna, suka ce harsunan Kainji. Farfesa Mahdi Adamu, wanda asalinsa mutumin Ngaski ne, ya yi nazarin sarautar Yawuri ta ƙarni na 19 a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968, kafin littafinsa na 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Abin kunya ne a ce ɗalibi ya karanta waɗannan a laburare, ya yi aure ya haihu, bai taɓa taka bakin ruwan Wara ba.

To, a koma ga batun kuɗi. Babban abin da zai ci aljihu shi ne mota, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Daga Sakkwato hanya takan bi ta Tambuwal da Jega da Koko ta sauka Yelwa, daga Birnin Kebbi kuwa tafiyar kimanin kilomita 200 ce. Wannan kuɗi ba a rage shi da wayo, sai dai a tara shi da haƙuri, kuma babu abin da ya fi adashe dacewa da haka: maigida da uwargida su zauna tun watanni biyar ko shida kafin lokaci, su san ranar kwasarsu, su ɗora tafiyar a kanta. Tafiyar da aka ci bashi aka yi ta, daɗinta yakan ƙare tun kafin a sauke kaya.

Masauki da abinci kuwa nan ne filin tsimi. Ƙauyukan gungu mazaunin masunta ne da manoma, ba wurin saukar baƙi masu biya ba ne, saboda haka abin da ya fi shi ne a kwana a tudu, a Yelwa ko Wara, a ƙetara da safe a komo da rana. Wanda yake da dangi ko tsohon abokin makaranta a can ya sami sauƙi, amma ya tuna baƙo da yara huɗu nauyi ne, kada kwana ya wuce biyu ko uku, kada kuma a je hannu rabbana. Guzuri daga gida, irin su dambun nama da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da soyayyar gyaɗa, zai rage sayen abincin tasha. Kifi kuma a bakin ruwa ya fi araha bisa ga na birni, ga karfasa ga tarwaɗa ga giwan ruwa, ga 'yan ƙananan nan da ake kira warangi waɗanda ake shanyawa a rana. Albasar Yawuri ma ta isa tsaraba.

Zaɓen lokaci shi ma tsimi ne, ko da yake ba kowa ne yake lura ba. Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara a wannan yanki. Na farko shi ne na daminar gida, mai laka, wanda ake ce wa farin ruwa, yana cika wajen Satumba. Na biyu, baƙin ruwa, daga duwatsun ƙasar Gini yake tasowa, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, laka ta kwanta, sa'an nan ya iso nan a tsakiyar hunturu. Saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu tafkin a cike yake, babu hadari, sauro ya yi sauƙi, kuma ya yi daidai da hutun makaranta na ƙarshen shekara. Aibin lokacin shi ne sanyin asuba da hazo da iskar da kan tayar da igiyar ruwa, don haka a riƙo wa yara rigunan sanyi. Bazara da farkon damina kuwa a bar su: ruwa ya ja baya, kututturan itatuwan da tafkin ya shanye sun matso kusa da sama, guguwa kuma ba ta sallama. Bikin Rigata da akan yi a Yawuri cikin rani abin kallo ne ƙwarai, amma ranar cunkoso ce, masauki yakan yi wuya, mai ƙananan yara ya tsaya a gaɓa ya yi kallonsa daga nan.

Sauran magana ita ce ta jirgi, kuma ita ce dalilin rubuta wannan maƙala. Jirgin da ya fi kowane araha a tafkin Kainji shi ne na ranar kasuwa, wanda akan loda wa mutane da buhuna da babura da awaki har bakinsa ya kusa shafar ruwa. Arahar tasa daga yawan lodin take fitowa, watau abin da ya sa kuɗinsa ya yi sauƙi shi ne abin da yake nutsar da shi. Ran Laraba 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150, da yawansu mata da yara, ya tarwatse a ruwa kusa da Wara, waɗanda aka ceto da rai kimanin ashirin ne kacal. Mutanen da ke cikinsa ba yawon buɗe ido suka fito ba, neman abinci ne ya fito da su, ba su kuma da wani zaɓi. Magidancin da ya zo don nishaɗi yana da zaɓi, in ya sa 'ya'yansa a irin wannan jirgi don ya rage kuɗin da bai kai na buhun albasa ba, ba shi da hujja ko a gaban Allah ko a gaban uwar yaran.

Dabarar da ta fi ita ce gida biyu ko uku su haɗa kai su ɗauki shatar jirgi guda, a ranar da ba ta kasuwa ba. In an raba kuɗin ba zai yi nauyi ba, kuma su ne za su faɗi yawan wanda zai shiga da lokacin tashi da na komowa. Kada a yi ciniki da wanda aka fara cin karo da shi a bakin ruwa. A nemi Sarkin Ruwa ko shugaban masu jirage, a gaishe shi yadda ya kamata, a ce, “Ranka ya daɗe, baƙi ne mu da ƙananan yara, muna roƙon a haɗa mu da dattijon da ya san ruwan nan.” In an sami matuƙin, tambaya ba raini ba ce: “Baba, mutum nawa jirgin nan yake ɗauka in ba a matsa ba? Akwai filafili ko da inji ya tsaya?” Dattijon kirki ba zai ji haushi ba, wanda ya ji haushi kuwa ya ba da amsa ke nan. A duba cikin jirgin, in ana ta kwarfar ruwa tun yana daure a gaɓa, a haƙura da shi.

Hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa. Amma doka daban, abin da ake tararwa a mashiga daban. Ko inda aka sami rigunan, galibi na manya ne, rigar babba kuwa a jikin ɗan shekara biyar suɓulewa take yi ta kansa da zarar ya faɗa ruwa. Don haka sayen rigar da ta yi daidai da kowane yaro, ko aronta tun daga gida, yana cikin kuɗin tafiya kamar yadda kuɗin mota yake ciki. In kuɗin bai kai ba, to, tafiyar ba ta kai ba, a ƙara zagaye guda na adashe. Jaririn goye kuwa ba shi da abin da zai gani a gungu, ya zauna a masauki da uwarsa ko kakarsa.

An sauka lafiya ma ba a gama ba. Yaro in ya ga ruwa mara zurfi sai ya shiga, nan ne kuwa matsalar take, domin a irin wannan ruwa mai kwanciya da ciyayi ne ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya suke zama. Ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba, sai bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini. Tana da magani a asibiti, amma hana wanka da wasan ruwa ya fi sauƙi, ko da za a sha kuka. Ruwan sha a tafasa ko a zo da shi, a riƙo gidan sauro da ƙullin gishiri da sukari na maganin zawo. Dorina kuma tana nan, ba tatsuniya ba ce, ko a 2024 ta kashe mutum a Yawuri. Inda masunta suka ce kada a je, kada a je.

Ba zai yiwu a rufe ido ga batun tsaro ba. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ran 17 ga Yuni 2021 a cikin ƙaramar hukumar Ngaski ya faru. Halin hanya yakan canza daga wata zuwa wata, saboda haka wanda za a sauka wurinsa shi ne zai faɗi ko a taho ko a dakata, maganarsa kuma ita ce ta ƙarshe, ko da an riga an ɗaure kaya. A bi babbar hanya, a tashi da sassafe, a isa kafin la'asar.

Akwai kuma ladabin shiga gungu, wanda ba ya cin ko kwabo sai ɗan goron gaisuwa. Mutanen wurin ba kayan kallo ba ne. A fara da ƙofar mai gari, a nemi izini kafin a ɗaga waya a ɗauki hoton kowa, balle matan aure. A sayi kifi ko albasa a hannunsu ba tare da matsa ciniki ba, tun da an riga an yi tsimi a wani wuri. In Allah ya sa an dace da tsohon da ya ga tashin 1968 da idonsa, a zaunar da yara gabansa su ce, “Kaka, ina gidanku yake a da?” Mai yiwuwa ya miƙa hannu ya nuna wani wuri a tsakiyar tafki inda babu kome sai ruwa. Babba daga cikin yaran a ba shi littafi da fensir ya rubuta sunayen kifi da na sassan jirgi da na iri-iren taru, da Hausar Yawuri da kuma Reshe in an sami mai faɗa masa, domin da yawa daga cikin waɗannan kalmomi ba zai ji su a bakin mutanen Kano ko Zariya ba. Da rana ta karkata kuma a sallami mutanen gari a nufi jirgi, ko da yara suna roƙon a ƙara jimawa, don a yi sallar la'asar a tudu.