MOTAR DA AKA CIRE WA SUNA: ADO NE KO ƁOYE KAI?

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe kafin a fara sharhi.

Duk mai bin titunan Gusau, daga shataletalen Lalan zuwa Tudun Wada ko Samaru, in ya lura da bayan motoci zai ga wani yayi da ke ƙara yaɗuwa. Mota ce lafiyayya, fenti na sheƙi, amma bayanta fayau. An ciccire tambarin kamfani, an cire sunan motar, an cire ƙananan haruffan nan da ke nuna ajinta da girman injinta. Wata kuma ba cirewa aka yi ba, musanya aka yi: an ɗauke na gaskiya an manna wanda ya fi shi tsada. In ka tambayi matasanmu sai su ce maka gayu ne, motar ta fi kyau haka.

Bari in fara da ba su gaskiyarsu. Wanda ya sayi motarsa da guminsa yana da ikon yi mata adon da ya ga dama, kuma tambarin roba da kamfani ya manna da gam ba shi ne lambar rajista ba. Ko a Jamus, mai sayen sabuwar Mercedes ko BMW yana iya neman a kawo masa ita ba tare da rubutun aji a bayanta ba, kamfanin da kansa zai yi masa haka. Akwai kuma waɗanda uzurinsu ya fi gayu ƙarfi. Wani ya gaji da ɓarayin tambari, waɗanda za ka ajiye mota a bakin kasuwa ko wurin ɗaurin aure, kafin ka fito sun ɓamɓare zakin Fijo ko tauraron Marsandi. Shi ya sa za ka ga wasu sun buga wa nasu ƙusa, wasu kuma suka ce gara su cire da hannunsu su huta. Wani kuma tsoro ne ya sa shi: yana bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, ba ya son rubutun V6 ko V8 ya sa infoma ya ɗauke shi wani hamshaƙi. Duk wanda ya san abin da mutanenmu suka gani a wannan hanya ba zai yi wa irin wannan mutum dariya ba.

To amma ni a ganina, a jiha irin tamu, maganar ta wuce ado. Tambarin mota sunanta ne. Kuma abu uku nake gani suna faruwa idan aka saba da ganin mota ba suna.

Na farko, a wajen ciniki. Mafi yawan motocin da muke hawa na hannu ne, ko dai 'yan Kwatano ko waɗanda wani ya riga ya mora a nan gida. Mai saye kuma sau da yawa ma'aikaci ne irina, wanda ya yi shekaru yana adashe ko ya ci bashin banki ana cira a albashinsa duk wata. Abin da ya sani game da mota bai wuce abin da idonsa ya gani ba da abin da dillali ya faɗa masa. To a nan ake yi masa sakiyar da ba ruwa. Camry mai LE a manna mata XLE. Mai silinda huɗu a manna mata V6. Ta 2007 a sauya mata fitilu da bamba, a ce ta 2010 ce. Bambancin kuɗin da ke tsakani ba na wasa ba ne, kuma aljihun mai saye ne ke biya.

Misalin da kowa ya sani shi ne Pontiac Vibe, wadda ta cika garuruwanmu. Da yawa an cire mata tambarinta an sa na Toyota. Masu yin haka suna da hujja, domin kuwa Vibe haɗin gwiwa ce tsakanin General Motors da Toyota, a wata masana'anta a Kalifoniya aka ƙera ta, injinta na Toyota ne, kuma 'yar uwar Matrix ce ta jini. Duk na yarda. Amma in har za ka sayar, gaya wa mutum cewa Vibe ce. Ka bar shi ya saya da saninsa. Idan ka yi shiru don ya biya kuɗin abin da yake zaton ya saya, wannan algus ne, ko da injin ɗaya ne. Malamanmu sun sha karantar da mu hukuncin mai ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan busasshe, kuma ban ga bambanci tsakanin buhun masara a kasuwar Tsafe da bayan mota a filin dillalai ba.

Ga wani abu da masu saye ba su cika lura da shi ba. Sau da yawa rashin tambari shaida ce cewa motar ta taɓa bugawa. Idan aka yi haɗari aka gyara but aka sake fenti, mai fenti yakan cire haruffan, kuma ba kowa ne ke mayar da su ba. Ko an mayar, za ka ga sun karkace ko sun bar mazauninsu na asali. Idan kuma don ado aka cire, yawanci wurin yakan bar inuwa, saboda fentin da ke ƙarƙashin tambari bai sha rana kamar sauran jiki ba. To in ka ga bayan tsohuwar mota sumul, ba tambari kuma ba inuwarsa, ka tambayi yaushe aka yi mata fenti, kuma me ya sa.

Alhamdu lillahi akwai sunan da ba a cire shi da zare da ruwan zafi, wato lambar shasi. Haruffa da alƙaluma 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma tana jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan ce, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, waɗanda su ne suka fi yawa a hannunmu, na goma a jerin shi ne shekarar motar: 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Vibe tana farawa da 5Y2, Matrix kuwa da 2T1. Minti biyu ya ishe ka ka duba. Ka kwatanta ta gilashi da ta ƙofa da wadda ke cikin takardun kwastam da na rajista. In suka saɓa wa juna, ka riƙe kuɗinka ka yi sallama, komai daɗin bakin dillali.

Na biyu, kuma wanda ya fi damuna, shi ne tsaro. A ce mota ta buge yaro a kan titin Sakkwato, daidai cikin Bunguɗu, direba ya taka wuta ya gudu. Ko a ce an tura wani cikin mota da daddare a wata unguwa a Gusau. Mai shayi ko ɗan acaɓan da abin ya faru a gabansa, me zai gaya wa 'yan sanda? Launi, da irin motar, da abin da ya iya kamawa na lamba. Iyakarta ke nan. Ba kowa ne ke bambance Corolla da Civic daga siffa ba, ballantana cikin duhu da firgici. Da yawa rubutun baya suke karantawa, ko su gane tambarin. Idan babu shi, shaidar ta koma "wata baƙar mota ce," kuma baƙaƙen motoci nawa ne a Gusau?

Abin da ya sa ban ɗauki cire tambari ƙaramin abu ba shi ne, ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba. Ku lura da kyau. Motar da aka cire wa suna, sau da yawa ita ce mai baƙin gilashin da ko inuwar mutum ba ka gani, ita ce kuma aka rufe wa lamba da jakar fata ko aka cire lambar gaba ɗaya. Cire tambari ra'ayi ne, amma rufe lamba laifi ne, kuma baƙin gilashi akwai dokar da ta taƙaita shi tun 1991. A watan Yunin 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da ba da izinin baƙin gilashi saboda matsalar tsaro, a 2025 kuma aka dawo da batun izinin har ya kai gaban kotu. Duk da haka, je ka tsaya kusa da kowane shingen bincike tsakanin Gusau da Kwatarkwashi ka ga yadda ake yi. Mai Golf da ya ɗauko fasinja za a sauke shi, a buɗe but, a duba takardu. Mai rufaffiyar lamba kuwa ko gilashi ba ya saukewa, wani lokacin har da sara masa.

Mu tuna abin da talakan Zamfara ya haɗiye saboda tsaro. A 2021 an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita zirga-zirgar babura, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Mai kiran ɗansa a makaranta ya haƙura, mai karɓar kuɗi ta waya ya haƙura, wasu har Funtuwa suke zuwa don su yi kira. In talaka ya iya jure wannan, wane nauyi ne a kan mai hali ya bar lambar motarsa a buɗe?

Na san wani zai ce, ai 'yan bindiga babura suke hawa, mi ya haɗa su da tambarin Camry? Gaskiya ne, a daji babur ne. Amma fetur da abinci da ƙwaya da ke isa gare su ba daga sama suke faɗowa ba, daga gari suke fita, kuma akwai masu kai musu a mota. Shi kuma mai cire V8 don tsoron infoma, ina tausaya masa, sai dai wanda ya tare hanya ba ya tsayawa karatun haruffa. Girman motar da ƙyallinta yake gani. Ka rage wa kanka kaɗan, ka rage wa masu neman motarka da yawa in Allah ya kawo tsautsayi aka ƙwace ta.

Na uku ya shafe mu ma'aikata kai tsaye. Akwai tambarin da ya fi na kamfani muhimmanci, shi ne na gwamnati da ke jikin ƙofar motar ofis, da lamba mai koren rubutu. A tsarin ƙasar nan shuɗin rubutu na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. An yi haka ne don kowa ya gane dukiyar jama'a in ya gan ta. Duk wanda ya daɗe a aikin gwamnati, a kowace jiha, ya san yadda labarin ke tafiya. Yau a ɓamɓare sitikar ƙofa a ce ta tsufa. Gobe a cire koriyar lamba a ce saboda tsaro ne. Jibi motar tana kai yara makaranta da amarya kasuwa. Ranar da mai ita ya bar kujera, babu wanda zai iya nuna ta ya ce ta ofis ce. Ba mu manta da taƙaddamar motocin gwamnati da aka yi a jihar nan a watan Yunin 2023 ba, bayan sauyin mulki, wadda ta kai har kotu. Ni ba alƙali ba ne, kuma ban zo goyon bayan kowa ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, idan kowace motar gwamnati tana da tambari a jiki, da lambar shasinta a rubuce a kundin da kowa zai iya dubawa, irin wannan gardama ba ta da wurin zama, ko wa ke kan mulki.

To mene ne abin yi? Ban ce a fara kama matasa don sun cire haruffan roba ba, kada a ba wasu sabuwar hanyar karɓar na goro a kan titi. Abin da nake kira a kai ya fi haka sauƙi.

Mai mota, in ka cire don ado, ajiye tambarin a gida, ranar sayarwa ka miƙa shi tare da makulli ka faɗi gaskiyar abin da kake sayarwa. Shugabannin dillalai su sa ya zama ƙa'ida a rubuta cikakkiyar lambar shasi da shekarar mota a takardar ciniki, wanda aka kama ya manna ajin ƙarya a hukunta shi a cikin ƙungiya tun kafin a je gaban alƙali. Masu fenti da masu gyaran jiki, in aka kawo muku mota aka ce a sauya launi, a cire suna, a sauya fuska duk a lokaci ɗaya, ku nemi ganin takardu, don kada a yi amfani da hannunku a wanke kayan sata. ZAROTA da jami'an kiyaye haɗurra da 'yan sanda su fara da manya: ranar da aka tsayar da rufaffiyar lamba ta wani mai muƙami aka sa shi ya buɗe a gaban jama'a, washegari rabin masu rufewa za su buɗe da kansu. Gwamnati kuma ta mayar da tambari jikin duk motar da aka saya da kuɗin jama'a, in ban da na jami'an tsaron da aikinsu ke buƙatar sirri.

Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mutumin da motarsa halal ce, tafiyarsa ta alheri ce, ba abin da zai rage masa don an san sunan motarsa da lambarta. A garin da muke roƙon kowa ya sa ido ya kai rahoto, bai dace mu riƙa goge abin da idon zai kama ba.

Dillalai da makanikai da ke cikin abokaina, na san kun fi ni sanin sirrin wannan harka. Ku faɗi abin da kuka gani a ƙasa, mu ƙaru da juna, amma ban da ambaton sunan kowa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, ya tsare matafiyanmu, ya sa mu ci halal. Amin.