SHARHI: Manhajar kyauta ce, saƙon kuma da kuɗi: Darasin Maiduguri ga hukumomin tarayya

Ranar 10 ga Satumba, 2024, mazauna Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa bayan ɓallewar madatsar Alau. Ambaliyar ta shafi Gwange, da Kasuwar Monday, da fadar Shehun Borno, da asibitin koyarwa na jami'a. A irin wannan dare, gargaɗin da ya fi saurin isa ga talaka shi ne gajeren saƙo ko kira a ƙaramar wayarsa, wadda ba ta buƙatar intanet.

Kayan aikin shirya irin wannan gargaɗi sun daɗe a hannu, kuma ba sai an saya ba. FrontlineSMS ta fito tun 2005, Ushahidi ta samo asali a Kenya a 2008, UNICEF kuma ta ƙaddamar da RapidPro a 2014, shekarar da shirinta na U-Report ya fara aiki a Najeriya. Ma'aikaci mai kwamfuta zai iya tsara tambaya da amsa, ya gwada a wayarsa cikin yini guda.

Sai dai gwajin ofis daban, aikin fili daban. Abu na farko shi ne kuɗi. Manhajar ce kyauta, amma kowane saƙo yana bi ta kamfanin sadarwa, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari, saƙo ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Bugu da ƙari, saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, kuɗin ya ninka. A garin da ake jin Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, kuma da yawa ba sa karatun boko, dole a haɗa da saƙon murya, wanda ya fi tsada.

Na biyu, layin kansa. A Satumban 2012 'yan Boko Haram sun lalata turakun sadarwa a Maiduguri. A Mayun 2013, bayan ayyana dokar ta-ɓaci, sojoji sun katse layukan waya a Borno na tsawon watanni. A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun lantarki, birnin ya faɗa duhu. Tsarin da bai tanadi rediyo da masu unguwanni ba zai yi shiru a ranar da aka fi buƙatarsa.

Na uku, amanar bayanai. Lambobin 'yan gudun hijira da wuraren zamansu ba abin zubawa ba ne a rumbun wani kamfanin ƙetare. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗan fitar da su waje, kuma hukumar da ta tattara su ce za ta amsa tambaya.

Saboda haka, hukumomi irin su NEMA da NITDA na da dalilin ƙarfafa gwajin, domin ya fi ba da kwangilar manhajar da ba a taɓa jarrabawa ba. Amma a rubuta kuɗin saƙo cikin kasafi, a daidaita da kamfanonin sadarwa kan gajeriyar lamba, a kuma gwada a unguwannin bakin kogin Ngadda tun da rani. Da sanyin safiya ake kama fara.