"Sharrin Shaiɗan ne": to, hannun wa aka miƙa?



Akwai maganar da ta zama ruwan dare. A kama mutum ya ci amana, sai ya sunkuyar da kai ya ce "sharrin Shaiɗan ne". Wani ya ce "ƙaddara ce". Na zamanin nan kuma ya ce "halin da ƙasa ke ciki ne". Mu mabiya Almasihu a Nijar muna jin wannan magana a kasuwa, muna jin ta har cikin majami'a. Shi ya sa yau muke son mu faɗi abin da littafinmu ya koyar a kanta.

Wahala dai ba mai musun ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, farashi ya tashi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, sai ga daminar shekarar ta zo da ambaliya, gidaje suka zube a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Magidancin da ya kwana yana lissafin tiya guda ta hatsi ya san mene ne gwaji.

Amma gwaji daban, jaraba daban. A Wasiƙar Yaƙub, sura ta 1, an fara da cewa gwaji yana ƙarfafa bangaskiya, yana koya jimiri. Daga aya ta 13 zuwa 15 kuma sai aka ja kunne: kada kowa ya ɗora wa Allah jarabarsa, don Allah ba ya jan mutum zuwa mugunta. Abin da ke jan mutum yana cikinsa, wato sha'awar ransa. A Helenancin da aka rubuta wasiƙar, gwaji da jaraba daga tushen kalma ɗaya suke. Ke nan abu guda zai sami mutum biyu, ɗaya ya fito da ƙarfinsa, ɗaya ya fito da zunubi. Masunta a kogin Isa sun san wannan: ƙugiya tana cikin ruwa, amma kifin da ya buɗe baki shi take kamawa.

Mu duba mutum biyu a Littafin Farawa. Adamu yana cikin lambu, ba yunwa, ba bashi, ba tsadar rayuwa. Duk da haka ya faɗi, da aka tambaye shi kuma ya nuna matarsa, har ya shafa wa Allah da ya ba shi ita. Yusufu kuwa ƴan'uwansa suka sayar da shi, ya zama bawa a Masar, ba dangi, ba mai ganinsa. Matar maigidansa ta neme shi, ya gudu ya bar rigarsa, aka jefa shi kurkuku. Da hali ne ke sa zunubi, Yusufu ne zai faɗi, Adamu ya tsira.

Mu dawo gida. Ɗan kasuwar da ya buga gindin tiya don ta rage cin hatsi, tsada ce ta riƙe masa guduma? Mai ɓoye buhuna har bazara ta yi tsanani, yana jiran kuɗi su ninka, talauci ne ya dame shi? Wanda aka ba rabon agajin ambaliya ya cika takarda da sunayen danginsa fa? Ma'ajin majami'a da ya taɓa kuɗin baiko yana cewa zai mayar? Mijin da ya dawo hannu wofi ya huce haushinsa a kan matarsa? Shaiɗan yana nan, ba mu ce babu shi ba. Sai dai bango ne ke tsagewa kafin ƙadangare ya sami wurin shiga.

Wani zai ce, kuna magana ne don cikinku a ƙoshe yake. Maganar tana da nauyi. Littafin Karin Magana, sura ta 6, ya yarda cewa mutane ba su raina wanda yunwa ta sa ya yi sata, amma ya ƙara da cewa in an kama shi sai ya biya. Wato a tausaya masa, laifin kuma yana nan. Wanda ya ɗauki tiya ɗaya don ƴaƴansa da wanda ya wawure sito, alhakinsu ba ɗaya ba ne. Mu da muka ga maƙwabci ya kwana da yunwa muka kau da kai, mu ma za a tambaye mu. A 1 Korantiyawa 10:13 an yi alkawarin cewa duk inda jaraba ta zo akwai mafita. Sau da yawa mafitar nan kwanon tuwo ne daga gidan maƙwabci.

Mun taɓa ganin haka da idonmu. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, an rasa rayuka. Wannan gwaji ne, daga waje ya zo. Jarabar da ta biyo shi ita ce ƙiyayya da ramuwa. Shugabannin majami'u suka yi wa'azin gafara, ba a rama ba. Ba mu manta kuma da Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin gidajensu ba. Rana ɗaya, gari ɗaya, wani ya ɗauki ashana, wani ya buɗe ƙofarsa. Kowa ya zaɓa.

Me ya sa muke nacewa? Don wanda ya ce laifin Shaiɗan ne ba shi da abin da zai tuba a kai, kuma gobe zai sake. Sarki Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin. Da annabi Natan ya tunkare shi, bai kawo uzurin sarauta ko na yaƙi ba, ya amsa laifinsa. Daga nan gafara ta samu.

Don haka fastoci da dattawa, in an kawo muku ƙara, kada ku rufe zance da "sai haƙuri, aikin Shaiɗan ne". Ku tambayi mai laifi abin da ya yi, ku sa ya mayar da abin da ya ci, sannan a yi addu'a. Iyaye kuma mu koya wa yara su iya cewa "ni na yi".

Allah ya sassauta mana wannan zamani, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare hannuwanmu daga haƙƙin mutane. Amin.